Motocin Albasar Kawu a Gasar Tsere

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar albasa ne a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, kuma har ya haura shekara sittin bai san akwai mutanen da sana'arsu tseren mota ba ce. Ni na ja masa, kuma tuni na karɓi laifina a gaban dangi.

Wata Lahadi bayan la'asar ya zo gidana a Gesse kan maganar gonarmu ta Zauro. Ya same ni gaban talabijin ina kallon tseren nan na ƙasashen waje, na motoci masu kama da fara, waɗanda direba ke kishingiɗe a ciki kamar mai jinya. Na miƙe zan kashe, ya ce in bari. Motocin ba su burge shi ba ko kaɗan, don ya ce motar da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya ba mota ba ce. Abin da ya tsayar da shi wani bature ne mai furfura da aka nuno zaune a inuwa, da abin sauraro a kunne, yana magana a hankali.

"Wanga mi yake hwaɗi?" in ji Kawu.

Na ce shugaban ƙungiya ne, yana gaya wa direbansa ya rage gudu ya bar abokin aikinsa ya wuce.

"Kuma shi yarda?"

Kafin in amsa, motar gaba ta ja gefe, ta baya ta wuce. Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Shekara talatin yana da direbobi, bai taɓa cewa ɗaya ya bi ta dama ya bi ba sai an yi musu. Ga wani bawan Allah yana zaune, ko murya bai ɗaga ba, an bi umarninsa a cikin gudun da ya fi na jirgi. Ranar ba a yi maganar gona ba.

Daga nan duk Lahadin da ake tsere sai ga shi da carbinsa. Ni ne tafinta. Na koya masa cewa kowace ƙungiya motoci biyu gare ta da direbobi biyu, kuma ko da ana cewa duk ɗaya ne, kowa ya san akwai ɗan gaban goshi. Na koya masa cewa ana ƙara wa mota sabbin kaya daga tsere zuwa tsere, ana canza taya huɗu kafin mutum ya gama atishawa, kuma akwai mutum guda da aikinsa kawai lissafin lokacin da ya kamata a tsaya. Cikin wata biyu Kawu ya fi ni sani. Yana zagin shugabannin ƙungiyoyi da Hausa, yana gaya musu abin da ya kamata su yi, su kuma don taurin kai ba sa ji.

Sai Allah Ya kawo rani, wasu masu sha'awa cikin direbobi da makanikai suka shirya gasa. Za a tashi daga bayan garin Birnin Kebbi a bi hanyar burji ta gefen fadama har Argungu, da sharaɗin kowace mota ta tsaya sau ɗaya a wani ƙauye da ke tsakiya. Kawu ya ji labari da safe, kafin azahar ya kafa ƙungiya.

Motocin su ne a-kori-kura biyu da ke masa jigilar albasa. Direban farko shi ne wanda duk muke kira Baba Direba, dogo, mara yawan magana, wanda ya fara tuƙa wa Kawu tun ina firamare. Ya san kowane rami a hanyar nan kamar shi ya haƙa su. Na biyu mijin autar Kawu ne, wanda shekara uku bayan biki har yanzu ake kira Ango, domin bai yi wani abin da za a canza masa suna da shi ba. Ango ya iya tuƙi daidai gwargwado, amma ya fi iya ba da labarin tuƙin.

Ni kuma aka naɗa ni mai tsara dabara, saboda ina koyar da lissafi a sakandare. Na ce wa Kawu lissafin da nake koyarwa ba ya da taya. Ya ce ai baturen ma bai ga taya a jikinsa ba.

Aikin gyara ya ci sati uku a garejin da Kawu ke kai motocinsa. Babban makaniken, mutum mai haƙuri da 'ya'ya takwas, ya saurari duk abin da aka ce ya yi, ya yi, bai tambayi dalili ba. Aka cire kujerar fasinja don a rage nauyi. Aka cire ƙyauren baya. Aka yanke salansa, don Kawu ya lura motocin talabijin suna da ƙara, ya kuma gano da kansa cewa ƙarar ce ke kawo gudun. Sannan aka kira mai walda ya ƙera fiffike da kwanon rufi ya kafa a bayan kowace mota. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa fiffiken can injiniyoyi ne ke auna shi da iska a wani ɗaki na musamman. Kawu ya ce iska dai iska ce, kuma ta Kebbi ba ta gaza ta kowa ba.

Warin albasa ne kawai ya ƙi fita. An wanke motocin sau uku, amma duk inda suka wuce sai mutane su fara tunanin miya.

Cikin duk wannan shirme abu ɗaya ne na gaske. Kawu ya aika Sakkwato aka kawo sababbin shokazoba, waɗanda ke hana mota jijjiga a rami, da sababbin tayoyi. Sai dai na mota ɗaya ne. Ya tara mu a gareji, ya ce a ƙungiyarsa babu son kai, agogo ne zai yanke hukunci. Kowane direba zai yi gudu daga gadar da ke bayan gari zuwa wata bishiyar kuka ya dawo, wanda ya fi sauri shi ke da kayan.

Na riƙe agogon wayata. Baba Direba ya tafi ya dawo kamar an aike shi sayen goro. Ango ya tafi da ƙara da hayaƙi, ya dawo da ƙara da hayaƙi, kusan minti ɗaya a bayan lokacin tsohon. Na karanta sakamako.

Kawu ya karɓi wayar ya juya ta, ya duba bayanta. Ya ce wayoyin nan na zamani ba a yarda da su ba. Ya ce kuma a can ƙasashen ba gudun yau kawai ake dubawa ba, ana duba wanda ke da gaba. Ango matashi ne, ƙungiya kuwa dole ta yi tunanin gobe. Ta haka agogo ya yanke hukunci, aka ɗaura wa motar Ango kayan.

Baba Direba ya jira aka watse. Ya matso ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nika roƙo. A cire min kwanon ga na baya, kunya nika ji."

Kawu ya ce fiffike alamar ƙungiya ce. Haka kwanon ya zauna a motar.

Saura canjin taya. Makanikai huɗu, dukkansu magidanta, suka yi ta atisaye da jak ɗaya da sifana biyu. Ranar farko sun yi minti goma sha ɗaya. Ranar ƙarshe sun sauko shida, Kawu ya ce idan aka cire gaisuwa da bismillah za su iya biyar. Na tambaya me ya sa za a canza taya a tafiyar da ba ta kai ta yini ba, tayar ma sabuwa. Ya dube ni da tausayi, ya ce ashe duk kallon da nake yi ban fahimci komai ba.

Na zana dabara a takarda, ta farko da ta biyu. Ta farko ta ce a bar kowa ya yi tuƙinsa. Ta biyu ta ce idan wani abu ya faru, a bar kowa ya yi tuƙinsa. Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai duba.

Ranar gasa muka riga kowa zuwa ƙauyen tsakiya da hantsi. Muka kafa sansani a ƙarƙashin wata tsamiya. Kawu ya sha babbar riga, ya ɗora abin sauraron da ya aro wurin mai gyaran rediyo a kan hularsa, igiyar tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Wayar da za a yi magana da direbobi tana hannuna, kuma sai na hau kan wani tudu kafin ta samu layi. Mutanen ƙauye suka kewaye mu suna tambaya ko allurar rigakafi muka kawo.

Motoci tara suka taso. Ta farko da ta ɓullo ƙauyen ita ce ta Baba Direba, fiffikenta yana kaɗawa kamar kazar da aka kora. Ya tsaya daidai inda aka ja layi, makanikai suka rugo da jak, ya leƙo ta taga ya ce kada wanda ya taɓa masa taya. Ya karɓi ruwa ya sha, ya gaida mai gari, wakilin alƙalin gasa ya rubuta cewa ya tsaya, ya wuce. Kawu ya ce in rubuta a takarda cewa an saɓa umarni.

Can sai ga Ango, na biyu. Na yi mamaki, sai na lura fiffikensa ya faɗi a hanya, kuma tun da ya rabu da shi motar ta samu lafiya. Makanikai suka cire sababbin tayoyi suka ɗaura tsofaffi, don su ne kaɗai muke da su na canji. Kawu yana tsaye a kansu yana ƙirga da ƙarfi. Ana cikin haka notin taya ɗaya ya gangara cikin yashi, mutum shida suka durƙusa nema, har da limamin ƙauyen. Kafin a gama, mota ta uku, ta wani manomin shinkafa daga Argungu, ta iso ta tsaya. Ango ya fita da ƙyar a gabanta.

Muka kwashe kaya muka shiga motar Kawu muka bi bayansu. Ƙungiyarsa ce ta ɗaya da ta biyu. Mai hankali zai gode wa Allah ya kama bakinsa. Amma Kawu wata biyar yana jiran wannan lokaci.

"Kira Baba Direba," in ji shi. "Ka ce shi rage, Ango shi wuce."

Na ce, "Kawu, manomin nan yana manne da Ango. Idan aka buɗe wa ɗaya an buɗe wa biyu."

"Kai ka tsara dabara, ni ka yanke hukunci. Kira."

Na kira. Sai da ta yi ƙara sau biyar ya ɗauka, ina jin kwanon yana kaɗawa a bayansa. Na ce, "Baba, Alhaji ya ce ka rage gudu Ango ya wuce." Ban taɓa jin muryata ta yi min muni kamar ranar ba. Mutumin nan shi ya kai mahaifiyata asibiti ranar da aka haifi ƙanwata.

Ya ce, "Malam, ba ni Alhaji."

Na miƙa wayar. Kawu ya girgiza kai, ya nuna abin sauraron da ke kansa, ya ce a can shugaba ba ya magana da direba kai tsaye, ta bakin injiniya ake bi. Na mayar da wayar kunnena na ce Alhaji yana ji.

"Shi ya ce in ba da hanya?"

"Shi ya ce, Baba."

"To, an gama."

Kawu ya jingina da kujera yana murmushi. A rayuwarsa, yau ya ba da umarni an ce to.

Bayan kamar minti goma muka hango motar Baba Direba a gefen hanya, a inuwar wani mangwaro, an ja birkin hannu an sa dutse a taya. Shi kuma yana zaune a kan tabarma da ƙafa miƙe yana cin ɗanyen rogo da wani mai lambu ya ba shi. Kawu ya diro kafin mota ta gama tsayawa.

"Mi kake yi nan?"

"Hanya nib ba da, Alhaji. Ango ya wuce. Na Argungu ya wuce. Sauran shida ma sun wuce, duk na ɗaga musu hannu."

"Cewa niy yi ka rage!"

"Na rage, Alhaji. Ban san iyakar ragewar ba, ba a hwaɗa min ba."

Kawu ya juyo gare ni, wai me ya sa ban faɗi iyaka ba. Ina neman amsa wayata ta yi ƙara. Ango ne, yana magana da muryar da ban san shi da ita ba. Ya ce yana cikin shinkafa.

Abin da ya faru, kamar yadda masu lambun wurin suka ba mu labari, shi ne akwai wata kwana dab da Argungu inda hanya ke karkata ta bi bakin gonakin noman rani. Duk tsawon tafiyar Ango sawun tayar tsohon yake bi, inda ya ga alamar birki nan yake takawa. Da aka ba shi gaba sai ya zama babu wanda zai kwaikwaya. Hanya ta yi kwana, shi bai yi ba. Ya sauka cikin gonar da aka yi wa dashe aka cika da ruwa, ya yi tafiyar da ta kai tsawon masallaci kafin laka ta karɓe shi. Ko ƙwarzane bai samu ba, sai dai takalminsa ɗaya har yau yana can.

Baba Direba ya naɗe tabarmarsa ya biyo mu. Da muka isa, Ango yana tsaye a kan rufin mota, mai gonar yana tsaye a kan kunya da fartanya a kafaɗa, suna kallon juna. Tsohon ya fito da igiyar da yake ɗaure buhuna, ya naɗe wando ya shiga lakar da kansa ya ɗaura, ya fito ya ja. Motar ta fito, amma injin ya sha ruwa, ya ƙi tashi.

Haka ƙungiyar Kawu ta shiga Argungu, mota ɗaya tana jan ɗaya. An riga an ba manomin shinkafar nan kyautarsa, mutane sun fara watsewa, da suka hango mu suka dawo. Alƙalin gasa mutum ne mai bin ƙa'ida, ya rubuta Baba Direba na takwas, Ango na tara, da tazarar tsawon igiya. An yi mana tafi fiye da wanda ya ci.

Washegari Kawu ya kira taron bita a zaurensa. Ya yi bayani mai tsawo, wanda a ƙarshensa aka gano cewa motoci ba su da laifi, shugabanci ba shi da laifi, Ango ƙaddara ce ta same shi, matsalar daga sashen dabara take. Aka sauke ni daga muƙamina, na yi godiya. Sai Baba Direba ya tashi ya ajiye makullin mota a gaban Kawu, ya ce shi ma a sauke shi, ya sa takalmi ya fita. Kawu ya ce fushin tsufa ne, zai dawo kafin Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, albasa na jibge a rumfa.

Na je gidan Baba Direba da kaina don abin ya tsaya min a rai. Na same shi yana gyaran keken ɗinkin matarsa. Na ba shi haƙuri, ya ce ni ɗan aike ne. Ya ce gasar ba ta dame shi ba, shi da ya yi tuƙi har Agadas wace kyauta za a ba shi. Shekara huɗu yana gaya wa Alhaji bayansa na ciwo, a canza masa shokazoba, ana cewa sai an ga hali. Ran da aka ga hali, aka ɗaura wa wani. Sannan mutumin da suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara talatin ya kasa buɗe baki ya gaya masa magana da kansa.

Na kai wa Kawu saƙon yadda aka faɗa, ban rage ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Mai gonar da Ango ya yi wa ɓarna shi ya warware mana abin ba da niyya ba. Ya aiko cewa ba ya son komai daga hannun kowa, illa waɗanda suka tumɓuke masa shinkafa su zo su mayar da ita. Yana da sauran iri a bakin rijiya. Ranar Asabar muka tafi, ni da Ango da makanikai huɗu da Kawu, wanda ya ce zai tsaya a kan kunya ya duba aiki. Mai gonar ya dube shi ya ce wurinsa babu mai dubawa, ya miƙa masa damin iri. Na ga Kawu ya cire babbar riga ya rataye a reshe, ya shiga laka har gwiwa.

Rana ta ɗaga sai ga Baba Direba a kan babur ɗin maƙwabcinsa. Ya ce ya ji labari ne ya zo kallo. Ya zauna a inuwa ya kalla kuwa, da kyau, har yana gaya wa Ango layinsa ya karkace.

Kawu ya daɗe a sunkuye. Da ya zo miƙewa sai bayansa ya riƙe, ya tsaya a lanƙwashe da hannu a ƙugu. Daga nan inda yake, bai ɗago ba, ya ce, "Ashe haka ciwon ga yake."

"Haka yake, Alhaji."

"An ciro kayan daga motar Ango, an wanke. Suna gareji. In ka ga dama."

"Da kwanon?"

"An kai wa masu awaki sun yi rufi."

Baba Direba ya dubi gonar. Sannan ya tashi ya zo bakin kunya ya miƙa hannu, ya jawo Kawu daga lakar a hankali, ya zaunar da shi a tabarma, ya nuna masa yadda ake kwanciya a gefe ɗaya idan baya ya riƙe. Mu muka ci gaba da dashe har la'asar. Mai gonar ya bi layi-layi yana dubawa, ya tumɓuke na Ango gaba ɗaya ya ce a sake, ya ce nawa ba laifi ga malamin makaranta. Ranar Litinin da safe albasar Kawu ta tafi kasuwa.